Kada In Gan Ka Gobe a Taga

Zuwa ga Farin Gira, hasken safiyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randa a maƙogwaron mai ƙishi, tauraron da ke riga kowa fitowa ya kuma fi kowa daɗewa a sama.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka a kwance. I, a kwance na ce! Ba a tsaye ba, ba a bakin ƙofa kana leƙen masu wucewa aiki ba, a kwance kan tabarma, hannunka mai ciwo bisa matashi. Ya jikin? Ya Umma da haƙuri da kai?

Ka yi mini afuwa idan rubutuna ya karkace. A kan gwiwata nake yi, lokacin hutun cin abinci, kuma daga tsakiyar littafin kimiyyata na ciro takardar, abin da ban taɓa yi ba tun da na shiga makarantar nan. Aku, ƙanwarka, tana gefena a benci tana miƙa wuya, ni kuma ina karewa da hannu. Ita za ta kawo maka, don haka idan ka ga an taɓa naɗin, ka san wanda za ka kama.

Ka san bakina ba ya iya abin da alƙalamina ke iyawa. Wata da watanni ina tsayawa a tagar gidan burodinku kowace safiya kafin in wuce makaranta, ba abin da ke fita daga bakina sai kalma ɗaya: "Biyu." In miƙa hannu, in karɓa, in gudu kamar wadda aka biyo. Har ka mayar da ita sunana. Ni kuwa me nake gani? Fuskar yaro da girar tsoho! Fulawa ta kwanta a girarka fari fat kamar furfura, kana murmushi, gumi na gangarowa, ƙamshin burodi na fitowa ta bayanka kamar kai ne kake ƙamshin. Wace yarinya ce za ta ga wannan ta iya haɗa jimla? Ni da nake cin jarrabawar rubutu, sai ga ni ban fi kalma ɗaya ba a gabanka.

To, yau zan yi magana, don abin ya kai a yi.

Ranar da na zo taga ban gan ka ba, sai da na ji kamar an zare wa safiya wani abu. A aji Aku ta ba ni labari: gyangyaɗi ya ɗauke ka a tsaye a bakin murhu, tsintsiyar hannunka ta kwanta kan gwangwani mai zafi, burodin da ke ciki kuma ya ƙone. Wayyo, hannun nan da ke miƙo mini abin karyawa! Ta ce ma'aikaciyar asibiti ta naɗe maka shi ta kuma ja maka kunne: ban da zafi, ban da fulawa, ban da ruwa, har sai fata ta rufe, in ba haka ba ciwon zai ruɓe, hannun ya sanƙare ya ƙi lanƙwasuwa. Ta ce maigidanku ma ya ce, "Tafi gida, kada in ga ko inuwarka sai ka warke." Na yi hamdala, na ce ga shi dai Allah ya kawo maka hutun da ka daɗe kana bukata, ko da ta hanya mai zafi ce.

Sai ga shi yau da safe Aku ta raɗa mini cewa ka wanke rigar aikinka da hannu ɗaya, ka shanya, ka ce gobe za ka koma. Gobe! Da bandejin da har yanzu yake jiƙewa? Haba, sanyin idona, me hannun nan ya yi maka?

Na san dalilinka, don da bakinka ka faɗa mini. Ka tuna yammacin nan bayan ka ƙone, da ka zo tarar Aku a ƙofar makarantarmu, muka biyo hanya mu uku, muka zauna a bencin nan na ƙarƙashin bishiya kusa da inda ake jiran mota? Ranar na fara ganin girarka baƙa. Wallahi sai da na sake dubawa, na ce ashe haka Allah ya yi ta, baƙa wuluk kamar fiffiken tsattsewa! Ka ce mini abinci ba ya wuce maka, don ba ka yi guminsa ba. Ka ce idan ka ji maƙwabta na buɗe ƙofa da asuba za su fita nema, sai ka ja mayafi ka rufe kai kamar ɓarawo. Ka ce Dogo, abokin aikinka, yana ɗaukar buhunka da nasa, kai kana gida kana ƙirga rufin ɗaki. Kana cikin wannan magana, ba ka ma kai ƙarshenta ba, kanka ya jingina da bishiya, barci ya kwashe ka.

Ya masoyina, da ka ga kanka! Fuskarka ta kwanta kamar ruwan tafki da iska ta bari. Ganye ya faɗo kafaɗarka ba ka sani ba. Mota ta tsaya, ta yi ƙaho, ta tashi, ko motsi ba ka yi ba. Ni kuwa na ɗauki littafina ina kore maka ƙuda, zuciyata cike fal kamar tulun da aka bari a bakin famfo. Aku ta ce, "Yau ga mai gadin barci, nawa ake biyan ki?" Na ce ta rufe mini baki, ta ce ai bakin ne jarinta. Ban taɓa jin daɗin zama shiru kamar na ranar ba. Ban taɓa sanin ana iya son mutum har a ji daɗin munsharinsa ba. I, kana yi, kaɗan, kada ka musa.

Da ka farka, ka san abin da ka fara faɗa? Ba sannu ba, ba ina nake ba. Ka zabura ka ce, "Wa ke kan murhu?" Muka yi dariya har Aku ta riƙe ciki, amma ni dariyata da ƙwalla a ƙarƙashinta. Mutum ya gaji har ya yi barci a bakin titi, ya farka yana neman laifin kansa?

Sannan ga labarin dutsen. Kada ka yi fushi da Aku, ai ka san ba a ba ta ajiyar magana. Ta ce zaman ya ishe ka, ka ɗauki robar Umma, ka kwaɓa fulawa da hannun hagu, wai ko gida ya ci moriyarka. Ta ce ba ka iya jira kwaɓin ya tashi ba, kana ta ɗaga ƙyalle kana dubawa, kana mayarwa, kana sake ɗagawa, daga ƙarshe ka jefa shi tukunya haka nan. Abin da ya fito, ta kawo mini guntunsa a jaka. Na gwada da haƙori, haƙori ya ba da haƙuri. Aku ta ce mu kai ɗakin gwaje-gwaje a jera shi cikin duwatsu. Ta ce Umma ta juya shi a hannu ta ce, "An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ga marar haƙuri ya gasa mana shi." Yanzu wai da shi ake tokare ƙofar madafa idan iska ta taso.

Na yi dariya, amma guntun yana nan cikin jakata, na kasa yar da shi. Kuma shi ya tuna mini da wani abu da kai ka koya mini.

Ka tuna safiyar da na yi sammako, burodi bai fito ba, na tsaya jira? Ta taga na hango gwangwanaye jere a kan katako, an lulluɓe su da farin ƙyalle kamar jarirai a ɗakin haihuwa, ku kuma kuna tsaye ba mai taɓa su. Ranar kaɗai na tattaro duk ƙarfin halina na tambaye ka me ya sa aka bar su suna kwance ga mutane na jira. Ka ce, "Ai aiki suke yi. Kwanciyar nan ita ce aikinsu. Wanda aka tasa kafin lokacinsa, ba mai iya cinsa." Ka faɗa kana kaɗe hannu, kamar ba wani abu ba. Ni kuwa na tafi da maganar har aji, na rubuta ta a bangon littafina.

To, malamin kwaɓi, ina iliminka ya tafi? Ka san haƙƙin fulawa da ruwa da yis, ka manta haƙƙin jini da tsoka? Za ka tsare ƙofa kada iska ta taɓa kwaɓin da ke hutawa, amma kai ka hana kanka ƙyallen rufa? Malamar kimiyyarmu ta ce ita kanta zuciya tana ɗan saki tsakanin bugu da bugu, da wannan sakin take cika da jini, kuma da ba ta yi, da ba abin da za ta tura. Ƙasa tana hutawa da rani. Bishiya tana zubar da ganye ba ta ba kowa haƙuri. Rana da girmanta tana faɗuwa, ba wanda ya taɓa ce mata raguwa. Sai kai kaɗai, Farin Gira, za ka fi rana?

Bari in gaya maka abin da na yi saboda kai, ka auna girman abin. Jiya a taga na yi wa Dogo magana. Ni! Bayan na ce biyu, na tsaya, na ce masa wai kana damuwa an bar shi da kaya. Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, "Ashe tana da sauran kalmomi!" Sannan ya ce, "Ki ce wa wancan mai taurin kan, murhu bai mutu ba. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, wa ya ɗauki buhuna? Ko ni ma in je in ba shi haƙuri?" Maigidanku yana ciki yana ji, ya ɗaga murya ya ce, "Gwangwanin da ya ƙone an kankare shi ya koma aiki. Hannu in ya lalace, a wace kasuwa zan sayo masa wani?" Ka ji fa. Ba wanda ke riƙe da kai a zuciya sai kai kanka. Kai ne mai ƙara, kai ne alƙali, kai ne wanda ake tuhuma, kuma ka ƙi sallamar kanka.

Kada ka ji haushi in na faɗa maka gaskiya: burodin yana nan da daɗinsa. Baba ya ci da shayi bai ce komai ba. Tagar ce kawai ta yi duhu, kuma wannan ni kaɗai na sani, ni kaɗai ke ɗauke da shi, kuma na yarda in ɗauka. Kai, har ma zan ce kwanakin nan sun yi mini daɗi, Allah ya yafe mini! A cikinsu na ga girarka baƙa. A cikinsu na ji muryarka ba tare da ƙarar injin kwaɓi ba. A cikinsu na san kana tsoron ƙadangare. Da ba ka huta ba, yaushe zan san duk wannan? Da har yau ina biyu, kana miƙowa, ina gudu.

Ina son hannun nan ya warke sarai, ya farin cikin raina. Ina son ya lanƙwasu, ya murza kwaɓi, ya ɗaga gwangwani, ya tsufa yana aikin da yake so. Kada garin neman gira a rasa ido. Murhu zai jira ka, Dogo zai jira ka, ni kuwa ai jira ne sana'ata tun ranar da na fara tsayawa a tagarku.

Saboda haka ga roƙona, kuma ban taɓa roƙon ka komai ba. Ka sauke rigar nan daga igiya, ka ninke, ka ba Umma ta ajiye a ƙasan akwati. Gobe da safe zan zo taga kamar kullum. Idan na hango farar girarka a ciki, ba zan tsaya ba. Zan sunkuyar da kai in wuce, gidanmu su sha shayi haka nan, in kuma rasa abin da zan ce wa Baba. Amma idan na leƙa na ga Dogo shi kaɗai yana hamma, idan na duba dama da hagu ban gan ka ba, wayyo daɗi! Zan ce biyu da ƙarfi har na bayan layi su ji, in tafi makaranta ina taka ƙasa kamar ba na taɓa ta. Kowace yarinya tana addu'ar ta ga masoyinta. Ni gobe addu'ata kada in gan ka, don da haka zan san maganata ta isa inda na aike ta.

An kaɗa ƙararrawa, Aku na jan hannun rigata. Ka gaishe da Umma da kyau. Ka ci abinci, ka ƙara, ba bashi ba ne. Ka kwanta, ka ja ƙyalle, kada ka ɗaga ka duba.

Ni ce taka, yau da gobe da ranar da girarka za ta yi fari ba da fulawa ba,

Biyu.