Allon da Gwaggo ta wanke

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Agadas? Ya iyali, ya jikin Hadiza? Mu nan lafiya lau.

Yaya, raina a ɓace yake. Ka san idon Malam Idi na Tsibiri ya kusa tafiya. Allona na Suratu Yusuf da ƙyar ya gyara mani shi, yana kai shi har bakin hanci, ya ce shi ne na ƙarshe da zai iya dubawa. Ban kai ga kawo mashi haddar ba, na jingine shi a ɗaki na tafi wurin ɗinki.

Na dawo na iske an wanke shi fes. Gwaggo ce ta ba Nasirunta ruwan ya sha, wai yana da jarrabawa a lakwal, makarantarsu ta boko. Da na yi magana ta ce, "Yo ba duk Ƙur'ani ba ne? Sake rubutawa mana!"

Da na kai ma Malam allon bai yi faɗa ba, ya ce in karanto da ka. Daidai inda ya gyara mani na kakare. Ya karɓi allon yana shafawa.

Ka kira Gwaggo ka yi mata magana, don in na buɗa baki rashin kunya zan yi. Ka sa ni a addu'a. Gaida kowa.

Ƙanenka,
Lawali