Sa hannun Baba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan muna nan kalau. Gwaggo ƙafarta ta yi sauƙi har ta koma faɗanta da ta saba, matar Auta kuma ta kusa sauka. Jikin Baba ma lafiya lau, yana cin abinci yana tafiya da ƙafarsa. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya: kansa ne ba daidai ba, kuma tsoron abin da ke tafe ya hana ni sakat.

Mantuwar da nake gaya maka a waya ta wuce ta ina na ajiye tabarau. Kwanan baya ya shiga gidan burodi da safe, ya tsaya gaban murhun da ya gina da hannunsa, ya tambayi Mai Kwaɓa ko gidan wane ne wannan. Mai Kwaɓa, mutumin da ya yi furfura yana murza fulawa a ƙarƙashinsa, juya baya ya yi yana share ido da gefen riga. Bayan ɗan lokaci sai ga Baba garau, yana faɗa wai an cika yis. Haka muke yanzu, wata safiyar namu ne, wata safiyar baƙo. Likita ya ce kyawawan safiyoyin raguwa za su yi ta yi.

Wannan ne ya kai ni ofishin wata lauya, a saman shagon magani, ɗaki ƙarami mai fanka mai ƙara. Ta ce rajistar da Baba ya yi tun muna yara ta kasuwancin mutum ɗaya ce, wato a idon doka Baba shi ne gidan burodi, gidan burodi shi ne Baba. Sunan, lasisin, asusun banki, yarjejeniyar kai burodi makaranta, duk a wuyansa suke rataye. Ranar da aka tabbatar hankalinsa ya gushe, ko ta Allah ta kasance, komai zai tsaya cik sai abin da kotu ta ce. Ni da nake buɗe ƙofar nan kullum, a takarda ban fi mai wucewa a titi ba. Kai ka san murhu ba ya jiran kotu. In ya huce, ma'aikata sun watse, masu saye sun canja hanya.

Na tambaye ta ko mu 'ya'yansa mu yi haɗin gwiwa kawai. Ta ce ana yi, amma a irin wannan, ɓarnar da ɗaya ya jawo kan kowa take faɗawa, har gidan da mutum yake kwana ana iya taɓawa. Na tuna yadda Auta yake tuƙa motar rabon burodi, nan take na ce a kai kasuwa. Shawararta ita ce a kafa kamfani mai iyakantaccen alhaki: a zaɓi suna a bincika ko wani bai riga mu ba, a rubuta ƙa'idojin tafiyar da shi, a raba hannun jari, a naɗa daraktoci, sannan hukuma ta ba da takardar shaida. Daga nan kamfanin ya zama kamar mutum mai zaman kansa, yana mallaka, yana ƙulla yarjejeniya, ko mai shi ya rasu shi yana nan. Amma sai Baba da kansa ya sa hannu ya miƙa murhu da suna da lasisi, yana cikin hayyacinsa, likita na shaida.

Ga abin da ya fi tayar min da hankali. Auta ya ce me zai sa mu wahalar da tsoho, shi ya iya sa hannun Baba tun yana makaranta, ko Baba ba zai bambance ba. Na ɗauka wasa yake, sai na ga takarda a teburin awo cike da gwaji. Lauya ta riga ta faɗa min wannan hanyar gidan yari ce, kuma duk ranar da asiri ya tonu kamfanin da kansa rushewa zai yi. Na yi masa tas, ka san bakina, na yaga takardar na jefa a murhu. Ya ce in na ƙi tasa, in kawo tawa kafin lokaci ya ƙure. Ba mugunta ba ce, tsoro ne irin nawa, ga haihuwa a gabansa. Amma ban san tsawon lokacin da zan iya riƙe shi ba.

Don haka da na samu safiya mai kyau, na zauna gefen tabarmar Baba na yi masa bayani a hankali. Da farko ransa ya ɓaci, ya ce ashe tun da ransa za mu raba gado. Na ce masa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da na kai wurin cewa kamfani kamar mutum ne, sai ya yi dariya har da tari, ya ce to ya samu ɗa da tsufa, wanda ba ya ci ba ya sha. Sai ya ƙara da cewa aƙalla wannan ɗan ba zai ɗauki jaka ya yi nisa ya bar shi ba. Ban faɗa maka don in sosa maka rai ba, yadda ya faɗa ne na rubuta.

Ya yarda, Yaya, amma da sharaɗi. Ya ce ba zai sa hannu a komai ba sai babban ɗansa yana zaune kusa da shi, ya karanta masa da bakinsa. Na ce za ka kira a waya, ya ce shi ba ya miƙa aikin rayuwarsa ga murya. Lauya ta ce naka sa hannun na takardun kamfani ana iya aikowa daga can, amma nasa fa? Tun ranar, kullum sai ya sa a fitar masa da kujera ƙofar gidan burodi, wai ka je sayo fulawa, yanzu za ka dawo.

Na san aikinka ba ya sakin mutum da sauƙi, na san tsadar hanya. Ban taɓa ce maka ka zo ba, ko lokacin rasuwar Inna ni ce na ce ka yi zamanka ka yi mata addu'a. Yau ina roƙonka ka zo, kuma kada ka ce sai hutu. Jiya da na kai masa shayi ya karɓa ya yi godiya, ya tambaye ni ko 'yar gidan wa ce. Ni da Auta mun fara zame masa. Kai kaɗai ne har yanzu bai taɓa manta sunanka ba, kuma ina tsoron ranar da za ka shigo ya miƙa maka hannu kamar baƙo.

Ka gaida Anti da kyau, ka shafa min kan Babban Mutum da 'yar lelena. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce zumunta a ƙafa take. Kawu, Auta da matarsa, da Mai Kwaɓa duk suna miƙo gaisuwa. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka tarar da safiya mai kyau.

Kujerar tana nan a ƙofa.

Taka ƙanwa,
Mai Tsiwar Baba