Farin Murfi

Baban Cinnaka,

Ka zo kafin Alhamis, abin da nake so ke nan. Ka roƙi mai gidanku ya ba ka kwana biyu, hanyar da kuke ginawa ba gudu za ta yi ba.

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya ƙafar taka? Cinnaka na wurin yayata, tana ta ɓarna yadda ka san ta. Matar gadon da ke gefena ce ke rubuta mini, malamar makaranta ce, na ce duk yadda na faɗa ta rubuta, kada ta gyara. A waya na kasa, da na ji muryarka sai bakina ya ce lafiya lau.

Na haihu lafiya, wannan ba ƙarya na yi maka ba. Amma da Innarka ta ce maka namiji ne, ita ma ba ta gani ba, hango kai ta yi cikin tawul ta yanke. Ungozoma ta duba, ta kira wata, su biyun suka kira likita. Likita ya zaunar da ni ya ce ba za su iya cewa namiji ne ko mace ba sai sun duba cikin jini. Sun ɗiba a dugadugi. Ranar Alhamis takardar za ta fito, ya ce ko ta fito ma sai an zauna da mu biyu an yi magana.

Akwai abin da na ɓoye maka. Da ka ce in bar aikin ɗakin binciken nan saboda ciki, ban bari ba. Kana tafiya na koma. Shara ce kawai da wanke kwalabe da ba shanshani abinci, na ga ba wani nauyi ba ne. A wata na biyar ina canza wa wani babba ƙasa ya harbe ni a babban yatsa. Hannun ya kumbura har gwiwa, kwana uku. Shi ne na ce maka ƙofa ce ta datse ni.

Ka san me suke yi a can? Shanshani ba ka gane macensa da namijinsa da ido, duk kamarsu ɗaya. Sai Malama, shugabar wurin, ta ɗebi ɗan abu a jikinsa ta sa a madubin nan nata mai ƙara girman abu. Ta taɓa nuna mini, wasu 'yan zare ne bibbiyu kamar an jera tsintsiya. In na ƙarshen biyu tsawonsu ɗaya, mace ce, in ɗaya guntu ne, namiji. Ta ce mu ma kusan haka ne. To ka ga abin da ba a gane jinsinsa ya harbe ni da ciki, na haifi wanda ba a gane ba. Ka gaya mini yaya zan yi in daina haɗa su?

Da Malama ta zo duba ni, na ba ta audugar da aka danne dugadugin da ita, na ɓoye ta a haɓar zani. Na ce ta kai madubinta, ita da take gama na ƙwaro a wuni ɗaya. Ta ƙi karɓa. Ta ce aikinta bai kai nan ba, in jira likitoci. Ta riƙe hannuna ta ce zaren nan tun ranar da ciki ya shiga ake ƙulla shi, harbin wata biyar ba ya kwance shi, ba laifina ba ne. Ina so in yarda. Amma Malama mai kirki ce, ko kwalba na fasa cewa take ba komai.

Ina jin tsoron kaina, Baban Cinnaka. In uwar shanshani ta yi ƙwai, nannaɗe su take da jikinta, ba ci ba sha. An hana mu buɗe kwalbarta, don in aka dame ta cinye su take. Kullum Inna ta zo sai ta miƙa hannu za ta canza masa ƙunzugu, ni kuma in ƙanƙame in ce yanzu na canza. Jiya har ta ce ko gwal na haifa. Rana ta biyu da haihuwa kuwa da aka miƙo mini shi ya sha nono, juya fuska na yi bango. Wuni guda. Allah ya yafe mini. Yanzu yana sha, yana da ƙoshin lafiya, kunnenka ya ɗauko, har wannan ɗan lanƙwasar.

A wurin aiki kwalaben mata jan murfi ne, na maza shuɗi. Waɗanda ba a duba ba tukuna farin murfi ake sa musu. Ni nake ba su abinci, ban taɓa rage wa farin murfi ko ƙwaro ɗaya ba. A nan ma duk jariran da ke ɗakin an rubuta musu mace ko namiji a katin gado, nawa an bar wurin fari.

Shi ya sa nake cewa kafin Alhamis. Ina so ka ɗauke shi tun takarda ba ta gaya maka komai ba. In ka zo bayan ta fito, har in mutu ba zan san ko takardar ka ɗauka ba. Faɗan aikin kuwa ka yi mini shi, na cancanta, amma ka yi shi kana riƙe da shi.

Ka gai da abokan aikinka. Kada ka kira Inna, ta riga ta sayo kaya shuɗi ta gaya wa duk layinmu. Yayata ba ta sani ba, mamata ma ba ta sani ba. Malama ta sani, da wannan baiwar Allah da ke rubutu. Jaririn ma na gaya masa a kunne, na ce babanka na nan tafe. Na riga na faɗa masa.

Taka,
Maman Cinnaka