Dutse na Uku a Bayan Zinariya

Kusada, cikin bazarar 1953

Zuwa ga ɗana Ummaru, a Zangon Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sa albarka a fataucin goronka, Ya tsare ka daga cututtukan ƙasar kurmi. Mu nan sai godiya, ban da zafi da ƙarancin ruwa. Ƙafar gwaggonka Luba ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta. Shehu ya gama sharar gona. Matarka Kubura tana gidan mahaifinta Kabo kamar yadda ka bar ta, ita da ɗiyarka Zinariya, kuma a kan yarinyar ne na zauna rubuta maka. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Tun bara nake jin wai kada ya dawo tafkin da ke hanyar Kaikai. Bube Bafillace ne ya fara faɗa mani a kasuwa, ya ce maraƙinsa ya shiga shan ruwa bai fito ba. Na yi dariya, na ce ya binciki maƙwabtansa masu kaifin wuƙa. Ni da na tashi a gaban tsofaffi masu tatsuniya, na sha jin kadan da ya haɗiye gari da ganuwarsa, kunnena ya daɗe da yin kanta. Rabon da a ga kada a wurin nan tun ina yaro, kafin Nasara su zo.

To, ka san Ɗanmaliki, malamin asibitin Kankiya. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya sayar mashi da akwatin ɗaukar hoto, tun daga nan bai sake zama ba. Mutane gudunsa suke yi, kowa na tsoron a tafi da kurwarsa, don haka ya koma kan abin da ba ya gardama. Ya ɗauki rumbuna, ya ɗauki turmi da taɓarya, da jakin Shehu, da hasbiyoyi a kan katanga, da zabi suna kiwo a saura, da kukar bakin kasuwa. Ya taɓa baza mani su a tabarma. Ummaru, akwatin nan launi ɗaya ya sani, ruwan toka. Jan zakaran Luba ya fito kamar an tono shi daga murhu. Sama toka, ƙasa toka, ganye toka, sai ka ce gobara ta bi duniya ta wuce. Na ce mashi zabo da zalɓe kaɗai akwatinsa bai yi wa ƙarya ba, su da ma haka Allah Ya yi su.

Maganar zalɓen nan tawa ce ta kai shi tafki. Ya laɓe a bayan sabara yana auna wani zalɓe da ke tsaye da ƙafa ɗaya, Zinariya ta shigo gefe da tulunta, ya danna ba tare da ya kula da ita ba. Abin da ban sani ba sai yanzu, hoto ba ya fitowa nan take. Sai abin da ke cikin akwatin ya cika, a ba direban mota ya kai Kano a wanke, a jira ya dawo da shi in ya tuna. Ya fi wata kafin ya dawo, yarinya kuwa kullum tana tafki.

Ran nan da rana tsaka sai ga Ɗanmaliki a kan keke, gumi ya jiƙa rigarsa, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya miƙo mani hoto. Ga zalɓe, ga Zinariya ta sunkuya ruwa ya kai mata gwiwa, ga duwatsu uku a bayanta. Ya tambaye ni duwatsu nawa na sani a wannan gefen. Kai ma ka yi wanka a nan, ka san biyu ne. Na ukun launinsa ɗaya da 'yan'uwansa, ɗaya da ruwan, amma yana da ƙulu biyu a gaba, da wani layi mai tsini-tsini a bayansa. Tsakaninsa da diddigen ɗiyarka bai fi tsawon taɓarya biyu ba. Sai ya ba ni hoto na biyu, wanda ya ɗauka da zalɓen ya tashi. Yarinya ta ɗago tulu tana shirin fita, dutsen kuwa ya matso, saura taɓarya ɗaya. Har yanzu in na rufe ido tokar nan nake gani.

Na ɗauki hotunan na nufi gidan surukinka Kabo, ina zaton zai firgita kamar ni. Ka san al'adar gidansu, ko sunan dabbar ba su kamawa, Mai Tafki suke ce mashi, wai akwai amana tsakaninsa da kakanninsu, ba ya taɓa jininsu. Kabo ya duba, fuskarsa ta washe, ya ce ashe mai wuri ya dawo, har ga shi yana rakiyar jikarsa. Ya roƙe ni in bar mashi hoton ya adana. A nan na ji abin da ya fi hoton tayar mani da hankali. Tun da rijiyoyi suka ƙafe, bakin tafki ya zama taɓo, ruwa mai kyau sai can ciki. Matan unguwa su ma sun ji maganar kada, don haka sai su jere tulunansu a gaɓa, su tura Zinariya ta shiga ta ciko masu ɗaya bayan ɗaya, tunda ita jinin gidan ce. Har ƙosai suke ba ta lada. Na ce wa Kabo rabin jininta namu ne, mu kuwa ba mu yi alkawari da kowa ba, ban san wane rabin Mai Tafki zai ci ya bar wane ba. Ya ce tsufa ya sa ni saɓo. Kubura tana bayan zana tana kuka, ba ta iya musa wa mahaifinta.

Na je wa mai unguwa a kan a kira maharba. Ya jujjuya hoton, ya ce shi toka kawai yake gani, in zai tara maharba saboda wannan takarda, gobe sai a kawo mashi hoton turmi a ce kura ce. Na gane ba ya son ɓata da Kabo ne. Na koma na roƙi a ba ni yarinyar in kai ta Kankiya wurin ƙanwarka Hadijatu, inda hukumar En'e ta gina rijiyar siminti. Kabo ya ce sai da bakin ubanta. Tun daga ranar kullum da safe nake bin ta tafki riƙe da tsohon mashi na mahaifinka, in zauna a gaɓa ina ƙirga duwatsu. Mata suna yi mani dariya, ni ma na san in abin ya taso, kafin in miƙe an gama.

Da na yi niyyar in jira amsarka, amma takarda ma irin hoton ce, sai abu ya wuce take isowa. Don haka gobe in Allah Ya kai mu zan aza ta a jakin Shehu in kai ta wurin Hadijatu, Kubura ta yarda za ta fito mani da ita. Kabo zai kai ƙarata, watakila zumunci ya yi tsami. Ka aiko da amsa ta hannun Manu mai goro, wanda zai kawo maka wannan, ka ce da yawunka na yi. In kuma ka ga na yi laifi, ka yi mani faɗa, zan saurara ina kallonta tana raye.

Luba da Shehu suna gaishe ka, haka Kubura. Ka gai da mai masaukinka, da Arzika ɗan garinmu in yana nan, ka ce mashi uwarsa tana cigiyarsa.

Za ka so ka san abin da ya hana ni jira. Bube ya faɗa mani na ƙi, hoto ya nuna mani na tsaya neman izini. Jiya na nuna wa yarinyar hoton don in tsorata ta. Ta yi ta dariyar fuskarta mai toka, sannan ta ɗora yatsa a kan dutsen, ta ce ai ta san shi, da can nesa yake tsayawa, yanzu kuwa ya saba da ita, shekaranjiya har ya gogi ƙafarta a cikin ruwa. Ina zaune a gaɓa da mashi a lokacin, ban ga komai ba. Wadda ta faɗa mani maganar kadan nan a ƙarshe ita ce ɗiyarka Zinariya.

Ni ne baffanka,
Ɗanmusa