Ranar Da Na Ce Ba Ni Da Lafiya

Xiaobei, Guangzhou
Watan Maris

Zuwa ga ƙanwata Hajjo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya gwiwar taki? Ni ina nan lafiya lau, alhamdulillahi.

Na san za ki ce me ya hana in yi miki magana ta waya kamar kowa. A zamanin da aka koya mana rubutu, maganar da mutum yake so a riƙe, a takarda yake sa ta. Wani ɗan kasuwar Kwari da zai dawo gida ne zai kawo miki.

Na sauka wurin Tankari, mutumin Maradin nan da suke cinikin takalma tare da ɗanki, yaron wajena, a kasuwar Zhanxi Lu. Ya ba ni ɗaki a saman bene. Mutumin kirki ne, sai dai surutu, kuma kullum sai ya tsokane ni wai Hausar Kano ta cika yauƙi. Da safe yake fita. Ni kuwa in zauna bakin taga ina kallon masu tura kwalaye har la'asar.

Na ga ɗanki. Gidan yarin da aka tsare shi a wajen gari yake, sau ɗaya a wata ake barin dangi su zo. Gilashi ne a tsakani, kowa da waya a hannu, kuma an hana Hausa, sai Turanci ko Sinanci, don mai gadi ya ji abin da ake faɗa. Ki duba, ni da ɗan cikina muna ta Turanci kamar muna gaban Di'o a zamanin Turawa.

Ya rame, amma ba ramar ce ta tsaya mini a rai ba. Tafiyarsa ce. Jan ƙafar dama yake yi, kuma an tsaga bakin takalmin don ƙafar ta samu shiga. Da na tambaye shi sai ya ce ba komai, ƙarfe ne ya faɗo masa a ɗakin aikin da ake sa su, ya ma kusa warkewa. Kin san yana da ciwon suga irin na marigayiya mahaifiyarsa. Kin kuma san ita daga ɗan yatsa nata ya soma, da inda ya kai ta.

Hukuncin da aka yi masa a kan takalma masu jabun tambari ban zo jayayya da shi ba. Ya yi, an kama shi. Amma alƙali shekara huɗu ya karɓa daga hannunsa, bai ce a haɗa da ƙafa ba. Tankari ya samo mana lauya, wata mace ce, Madam Lin. Kotu za mu, a tilasta musu su kai shi asibiti, kuma su amsa dalilin da ya sa aka bar shi haka.

Kada ki gaya wa matarsa zancen ƙafar tukuna. Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki,
Shehu

Xiaobei
Watan Afrilu

Hajjo ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Da fatan kuna lafiya, da fatan zafin bana bai matsa muku ba. Nan ruwa ake yi kusan kullum, bango har gumi yake. Ina nan lafiya.

Kotu ba ta saurare mu ba. Madam Lin ta zaunar da ni ta yi mini bayani, Tankari yana taya ta. Ta ce kafin a saurari ɗan kurkuku a waje, sai ya gama kai kukansa a ciki. Ya fara gaya wa jami'in sashensu a rubuce. In ba a yi komai ba ya kai ga shugaban gidan, daga nan ga mai binciken da yake zagayowa daga waje. Sai duk waɗannan sun ƙare sannan alƙali zai buɗe kunnensa. Wato wanda ya bar ka da ciwo, shi za ka fara roƙa ya duba laifin kansa.

Na ce to, a ba ni takarda in rubuta. Shekara talatin na yi a tashar jirgin ƙasa ina rubuta rahoto, takarda ba ta ba ni tsoro. Ta ce ba ni ba, shi. Na ce mata a wurinmu yaro ba ya kai ƙara da bakinsa alhali ubansa yana raye, babba ake turawa. Ta ce doka ba ta san wannan ba. Ban yarda ba, na sa Tankari ya kai ni ofisoshi biyu da kaina. Kalma ɗaya na koyo a wurinsu, meyo, ma'anarta babu.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne wannan. Ashe kowane mako akwai jami'in da yake bi ɗaki-ɗaki da tafinta, yana tambayar baƙin fursunoni lafiyarsu. Duk zuwan da ya yi, ɗanki yana ce masa lafiya lau, mun gode Allah. Su kuma suka ɗauka a yadda ya faɗa. Da lauya ta je, sai aka ce mata ai mutumin da bakinsa ya ce lafiyarsa ƙalau. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Wa ya taɓa amsa gaisuwa da ƙorafi? Mahaifiyarsa ranar da za ta cika, na tambaye ta jiki, cewa ta yi da sauƙi.

Da ranar ziyara ta zo na gaya masa ya rubuta. Ya ce in yi haƙuri. Wai ana ba su maki a kan ladabi, da makin ake rage wa mutum zama, kuma kowa a ciki ya san mai ƙorafi ba ya tara maki. Yana so ya fito da wuri ya same ni. Ya ce ƙafar tana sauƙi. Ɗakin nan da sanyi, Hajjo, amma gumi ne yake tsattsafo masa a goshi. Sannan ya tambaye ni nawa jikin, na ce lafiya lau, muka rabu a haka.

Tankari ya ce in koma gida in bar wa Allah, wai ba a ja da mutanen nan a ƙasarsu. Na ce masa Allah na bar wa tun daga Kano, amma bai ce in naɗe hannu ba. Ban tsallako rabin duniya da tsufana don in kalli ƙafar yaro tana ruɓewa ta bayan gilashi ba. In matakai suke so, za a hau musu su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan sa shi ya ɗaga ƙafa ya taka na farko.

Ki sa a yi mana addu'a.

Yayanki,
Shehu

Xiaobei
Watan Mayu

Hajjo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida gida. A wannan karon ba zan rubuta miki abin da na saba rubutawa a nan wurin ba, kin riga kin hana.

Saƙonki ya iso ta wayar Tankari, ya kunna mini shi har sau biyu, yana ta murmushi. Ashe shi ya kai miki tsegumin faɗuwar da na yi a gadar masu tafiya a ƙasa ta titin Huanshi Lu. Na ji duk abin da kika ce. Wai ni da ɗanki tukunya ɗaya aka dafa mu, wai ina zagin yaro a kan halin da ni nake kwana da shi, wai takardu biyu na aiko miki da lafiya lau alhali a zaune nake salla. Na yi fushi da ke kwana biyu. Ke kaɗai kika rage a duniya mai yi mini irin wannan magana, shi ya sa fushin bai yi nisa ba.

Ga gaskiyar. Likitan da Tankari ya kai ni ya ce zuciyata ta gaji. Ƙafafuna sun kumbura, benen nan sai na huta a kowane hawa. Abincinsu ba ya shiga, shayi da burodi nake yi. Akwai yinin da ba na magana da kowa sai in Tankari ya dawo.

Ranar ziyara na sa farar rigata na tafi. Aka shigo da shi, wannan karon wani ɗan'uwansa fursuna ne yake riƙe da shi. Ya zauna, ya ɗauki waya, ya gaishe ni da Turanci, ya tambayi jikina kamar kullum.

Kin san tun da aka haife shi bakina bai taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Ran nan na kira. Na ajiye musu Turancinsu na ce, Abdulmumini, ba ni da lafiya. Na gaya masa zancen zuciyar, da faɗuwar, da sallar zaune. Na ce masa watannin da yake tarawa don ya same ni, wataƙila ba ni zai tarar ba, saboda haka kada ya sayar da ƙafarsa a kaina. Mai gadi ya fara buga tebur yana nuna mini wayar, ban kalle shi ba. Na ce, ni na faɗi nawa, yanzu ina tambayarka, yaya ƙafarka?

Kafin ya amsa suka katse layin.

Ya kalle ni, wayar tana kunnensa ba ta aiki. Sai ya ajiye ta, ya sunkuya, ya cire takalmin, ya warware tsumman da ya naɗe ƙafar da shi. Bai nuna mini ba. Juyawa ya yi ya ɗora ta a kan kujera a gaban mai gadin, yana magana da ƙarfi da ɗan Sinancin da ya iya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga mai gadin ya ja da baya ya toshe hanci. Ni ma na hango ta. Ba zan kwatanta miki ba.

An fitar da ni, an ce saboda na yi Hausa ba ni da ziyarar wata mai zuwa. Na ce musu na ji. Da za a mayar da ni ɗakin, da Hausar zan sake yi.

Yanzu kya iya gaya wa matarsa. Ki faɗa mata yadda abin yake, kada ki rage.

Yayanki,
Shehu

Xiaobei
Watan Yuni

Ƙanwata Hajjo,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa gare ki da duk mutanen gida. Jikina yana nan yadda na gaya miki, kumburin ya ɗan ƙaru. Ke ma in za ki ba ni amsa, ki gaya mini gaskiyar gwiwar nan, na gaji da jin da sauƙi.

Madam Lin ta samu ganinsa. A yinin nan da aka fitar da ni ya nemi takarda ya rubuta kukansa da hannunsa, ya miƙa wa jami'in sashensu. Da magana ta zama a rubuce, sai ga mota ta samu, sai ga likita ya samu. An kai shi asibiti. Sun cire yatsu biyu. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri, daga gwiwa za a yi maganar. Ƙafar tana nan, Hajjo. Zai taka ta.

Makin kuwa ta ce kada mu sa rai. Mai yiwuwa sai ya cika shekarunsa cif.

Tankari ya ce to Baba, ai an samu abin da ake nema, sai a bar maganar haka kada a ƙara tsokano su. Ban kai ga ba shi amsa ba lauya ta ce ai mai ƙafar ya riga ya yanke shawara. Amsar da jami'in ya ba shi ita ce ba wanda ya yi sakaci, tunda shi bai taɓa faɗa ba. Abdulmumini bai karɓa ba. Ya ce makonni ya yi yana jan ƙafa a gabansu, makaho ne kaɗai zai ce sai an gaya masa. Ya riga ya rubuta ta biyu zuwa ga shugaban gidan. In ta dawo babu komai zai rubuta ta uku, daga nan sai kotu, su zo su yi bayanin yatsun nan biyu a gaban alƙali. Ya kuma aiko a tambaye ni ko ina shan maganina, wai kada in ce masa lafiya lau.

Na nemi a ƙara mini kwanakin biza. In sun ba ni, ina nan har a buɗe mini ziyara, in zauna in yi musu Turancin da suke so, tunda abin da zan faɗa da Hausa na riga na faɗa. In sun hana, kya gan ni, ki gyara mini ɗakin zaure don ba zan iya hawa ko dakali ba.

Jiya na sa Tankari ya kai ni Zhanxi Lu. Na zaga a hankali, ina hutawa, har na samu takalmin fata mai faɗin baki, mai laushi, wanda babu tambarin kowa a jikinsa. Mai shagon ya tambayi dozin nawa za a ɗaure mini, na ce ƙafa biyu kawai, dama da hagu. Ya yi ta dariya, ya ɗauka ban san kasuwa ba.

Na ba Tankari ajiya. Ranar da za a sako shi, ko ina nan ko ba na nan, a kai masa bakin ƙofa ya sa su ya fito da ƙafafunsa.

Ki gaida matarsa da yaran. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki mai ƙaunarki,
Shehu