Sai An Yi Arba'in

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara da maigidan? Ya ƙafar Inna? Mu nan Gwarinpa lafiya lau, in ban da zuciyata.

Kin san jaririyarmu Amina bakwainiya ce. Ranar da aka fito da ita daga kwalba, likita ya ce a dawo bayan sati guda a duba idonta. Ni na ce a bari sai an yi arba'in, mai jego ba ta fita. Sau biyu uwarta Zainab tana tuna mini, ina cewa, "Yarinya tana shan nono, saurin me ake?"

Jiya muka je. Idon dama ya riga ya lalace, na hagu za a yi masa aiki ranar Litinin. Da likita ya tambaye mu me ya tsayar da mu, Zainab ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce ban samu fitowa ba." Yaya, ina zaune na bar ta ta ɗauki laifina.

Ki roƙi Inna ta sa Amina a addu'a. Ki gaida kowa, kuma duk wanda ya tambaya, ki faɗa masa ni ne.

Ƙaninki,
Bashir