Wanda Ya Ɗaure Tsintsiyar Mashaya

Zuwa ga ɗiyata, Malama Rumaisa, a Yola.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikata Mufida, Ya ƙara miki basira a kan aikinki. Mu nan Gwandu sai godiya. Ƙafar innarki Laraba ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa, kin san kuwa ita ce alamar lafiyarta. Shinkafar fadama ta yi kyau bana, injina na Kalgo ba ya hutawa.

Kin san baffanki. A aji uku na bar sakandare, ranar da mahaifinmu ya kwanta ciwo. Da keken aro na fara kai albasa kasuwar Dodoru, na sayi nawa, na sayi injin niƙa, daga baya na kafa na casar shinkafa. Na gina gidan nan na rufe shi da kwano, na sauke farali, na kai Laraba ita ma, ba wanda ya ɗora mini ko tsinke. Ba gori nake yi ba, tuni ne kawai. Amma duk a ciki ba abin da ya faranta mini rai kamar ranar da aka ce ɗiyar marigayi yayana, wadda nake goyawa a bayan babur zuwa firamare, ita ce ke koya wa 'yan shekarar farko a kwaleji yadda gwamnati take da yadda talakawa ke haɗa kai su nemi haƙƙinsu.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ƙanenki Muzzammil ya nuna mini bidiyon darasinki a waya, yana juya mini Turancin inda ya fi ƙarfina. Na gan ki gaban allo kina ba da labarin mashayar ƙauyenmu ta wajen Kalgo, lokacin da wani mai hali daga birni ya zo zai kewaye ta da waya, ya tare burtali, ya hana shanu ruwa, ya hana masu lambu ban ruwa. Kin faɗi yadda manoma da makiyaya suka zauna a bakin ruwan suka ƙi tashi, mata na kawo fura. Kin faɗi yadda jami'an da aka turo suka tambayi wane ne shugaba, sai kowa ya miƙe tsaye, har Malam Isa makaho, su kuwa da ƙaramar mota ɗaya suka zo, suka rasa wanda za su ɗauka. Sannan kika ce wa ɗalibai ƙarfin wannan tafiya shi ne ba ta da shugaba, sai an haɗu tsintsiya ke shara. Yaran suna ta rubutawa. Na yi dariya har da hawaye, amma da aka kawo tuwo na kasa ci.

Ɗiyata, gaskiya kika faɗa, sai dai tsintsiya ba ta ɗaure kanta. Ni na bi ruga-ruga da gona-gona a kan keke ina lallashin mutanen da ko gaisawa ba sa yi saboda ɓarnar shanu. Ni kuma na kawo shawarar a zauren aminina Albarka, makiyayin nan mai ba ki nono kina ƙarama, cewa kada a kuskura a ambaci sunan kowa, in an nemi shugaba duk a miƙe. Albarka ya yi ta yi mini tsiya, wai mutumin da in ya sayi akuya sai duk kasuwa ta ji, yaya zai iya ɓoye sunansa. Na ce ya zuba ido. Na ɓoye kuwa, ko mahaifinki bai sani ba, shi ya sa labarin ya iso gare ki ba kai. Laraba ta ce dokata ce ta ci ni, in yi shiru. Wannan karon ba zan ji maganarta ba.

Albarka ya rasu bayan babbar salla, Allah Ya jiƙansa. In ban da ni, shi ne na ƙarshe cikin waɗanda suka zauna a zauren nan. A da in muka haɗu bakin mashaya yakan ɗaga mini sanda ya kira ni shugaban da babu, wannan ya ishe ni. Yanzu na je, shanu na shan ruwa, yara na wanka, ba mai ɗaga mini komai. Wanda muke tsoro ya daɗe da barin duniya, wayarsa ta yi tsatsa. Me ya rage a ɓoye?

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan Mufida. Laraba na gaishe ki, ta ba direban da zai kawo miki takardar nan kilishi da man shanu. Gwaggonki Larai ta ce ki daina ramewa. Muzzammil ma yana gaisuwa.

Abin da nake so ke nan: ranar da za ki sake wannan darasi, ki ɗauki alli ki rubuta sunana a allo da manyan baƙaƙe, Abdulbaƙi, ba Audu ba, yaran su kwafa a littafinsu. Ki sa na Albarka kusa da shi, don zaurensa ne. Amma nawa a sama. Ki turo wa Muzzammil hoton in gani da idona.

Baffanki mai alfahari da ke,
Alhaji Abdulbaƙi mai injin casa, Gwandu.